Na'urar auna hawan jini ta gida: shin tana rage fargabar da ke zuwa da shekaru?

Na'urar da wannan sharhi ya shafa ita ce ta auna hawan jini a gida, irin wadda ake ɗaura maɗaurinta a damtse, a danna maɓalli guda, ita kuma ta hura iska da kanta, ta saki a hankali, ta fitar da lambobi uku a allo: lambar sama (ƙarfin jini a lokacin da zuciya ta buga), lambar ƙasa (ƙarfinsa tsakanin bugu da bugu), da yawan bugun zuciya a minti ɗaya. Kamfanoni da dama suna ƙera irinta, kuma masu inganci a cikinsu sun yi kama da juna ƙwarai a ƙira da aiki, saboda haka abin da zan faɗa game da tawa zai dace da yawancinsu. Na daɗe ina amfani da ita, na kuma ga yadda take shiga rayuwar wasu manya na kusa da ni, kuma na lura cewa da wuya a sami mai sayenta don sha'awa. Fargaba ce take kai mutum gare ta, galibi bayan ya ji labarin wani tsaransa ya yanke jiki ya faɗi, ko bayan likita ya yi jim yana duban sakamakon awonsa. Don haka ba a yi mata adalci ba idan aka tsaya ga ƙarkon batir da girman allo. Dole a tambaya ko tana rage wannan fargabar, ko kuwa ƙara mata ƙarfi take yi.

A ganina taka-tsantsan ɗin da ke zuwa da shekaru abu ne da ya cancanci a mutunta shi. Matashi yana hawa matakala da gudu ba tare da ya tuna cewa yana da zuciya ba, domin jikinsa bai taɓa ba shi dalilin tunawa ba. Wanda ya haura hamsin kuwa ya sha zuwa dubiya, ya ga mutum mai ji da ƙarfi ya koma sai an kwantar an tayar a dare ɗaya, ya kuma san yawan mutanen da nauyinsu ya rataya a wuyansa. Saninsa ne ya ƙaru, amma sanin nan rabi ne, domin ya san abin da ke iya faruwa, bai san ko shi zai same shi ba, balle yaushe. A wannan giɓin wasiwasi yake samun wurin zama, har ta kai ɗan ciwon kai ko nauyin ƙeya ya isa ya hana mutum barci.

Babu cutar da ta fi hawan jini dacewa da irin wannan wasiwasi, domin a mafi yawan lokaci ba ya nuna alama ko ɗaya. Mutum yana iya shafe shekaru jininsa a sama yana jin garau, wani kuma ya wuni da ciwon kai alhali awonsa lafiya lau. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa masu hawan jini a duniya sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, cewa kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu daga cikin kowane biyar ba sa samun kulawar da ta wadatar. Shekaru ma suna da hannu kai tsaye, domin manyan jijiyoyin jini suna ƙara tauri yayin da mutum yake manyanta, shi ya sa lambar sama take hawa ko da ta ƙasa ta tsaya cak ko ta ɗan sauka. Dogon binciken nan na garin Framingham a Amurka, wanda aka fara a 1948, ya gano cewa wanda ya kai shekara 55 jininsa daidai yana da yiwuwar kusan kashi 90 cikin 100 na kamuwa da hawan jini a sauran rayuwarsa. Wanda yake ɗari-ɗari da wannan cuta yana da hujja, kuma a nan maganar da ake yi cewa rashin sani ya fi dare duhu gaskiya ce tsantsa. Babban alherin na'urar shi ne tana mayar da abin da ba a gani ya zama lamba da za a iya rubutawa a nuna wa likita.

Tawa ba ta fi a ɗauke ta da hannu ɗaya ba. Tana amfani da batir huɗu irin na tocila ƙarama, tana da gajeren tiyo da ke haɗa ta da maɗauri, maɗaurin kuma yana ɗaukar damtsen da kewayensa ya kama daga santimita 22 zuwa 42. Tana ajiye sakamako 60 ga kowane ɗaya daga cikin mutum biyu, wanda ya sa miji da mata za su iya amfani da ita ba tare da awonsu ya cakuɗe ba. Lambobin manya ne, ana karanta su ko da ido ya fara rauni, kuma awo guda bai kai minti ɗaya ba. Maɗaurin irin mai ɗan tauri ne da aka riga aka lanƙwasa, mutum yana iya zura shi ya manne da hannu ɗaya ba tare da neman taimako ba, kuma ga wanda yake zaune shi kaɗai wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yana da kyau mai ita ya fahimci yadda take aiki, domin daga nan ne mafi yawan ruɗani yake tasowa. Awon jini da maɗaurin damtse ya samo asali ne daga likitan Italiya Riva-Rocci a 1896, sannan a 1905 likitan Rasha Nikolai Korotkov ya ƙara hanyar sauraren sautin jijiya yayin da ake sakin iska, wadda har yanzu ake gani a asibitoci. Na'urar gida ba ta sauraren komai. Tana jin ɗan motsin da jijiya take yi a jikin maɗaurin yayin da iska take raguwa, sai ta yi lissafi ta fitar da lambobin. Wannan ya sa magana, tari, dariya ko motsa yatsu suke iya gurɓata sakamako, haka kuma bugun zuciyar da ba ya tafiya a kan tsari. Ita kanta na'urar, idan mai inganci ce, kuskurenta kaɗan ne. Babban kuskure daga zama da ɗauri yake zuwa. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun nuna a 2024 cewa ɗora hannu a kan cinya yana ƙara wa lambar sama kusan 4, barinsa yana reto a gefe kuma yana ƙara mata fiye da 6, idan aka kwatanta da ɗora shi a kan tebur daidai da zuciya. A 2023 ma sun nuna cewa idan aka ɗaura matsakaicin maɗauri a damtsen da ke buƙatar mafi girma, ƙarin yana kusan kaiwa 20. Ke nan mutum mai kauri yana iya kwana cikin zullumi a kan hawan jinin da maɗauri ne ya ƙirƙira masa. Kafin a saya, a auna kewayen damtse da tef, a tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu, a duba ko ya faɗa cikin abin da aka rubuta a jikin kwali.

Inda na fi son in daɗe shi ne a kan wannan minti guda na awo, domin a cikinsa amfanin na'urar da illarta suke haɗuwa. Da an danna maɓalli sai ƙaramin injin ya fara gurnani, maɗaurin ya riƙa matse damtse har yatsu su fara nauyi, mutum ya ji bugun jininsa a ƙarƙashin ƙyallen. Daga nan sai lambobi su fara sauka ɗaya bayan ɗaya, ƙaramar alamar zuciya tana ƙyaftawa a gefen allo. Wani lokaci injin yakan tsaya, sannan ya sake hurawa fiye da farko, kuma duk wanda ya saba da ita ya san abin da hakan yake yawan nufi, sai gabansa ya faɗi tun kafin sakamako ya fito. Mai fargaba yakan riƙe numfashi a wannan lokaci, kafaɗunsa su ɗaga, idonsa ya kafe a allo, kuma duk waɗannan suna sa lambobin su hau. Likitoci sun daɗe da sanin wannan. A 1983 Giuseppe Mancia da abokan aikinsa a Milan suka nuna cewa shigowar likita ɗaki don yin awo kaɗai tana ɗaga lambar sama da kusan 27 cikin 'yan mintuna. An ƙirƙiro awon gida ne a wani ɓangare don kauce wa wannan, amma wanda yake tsoron sakamako yana iya ɗauko tsoron asibitin ya shigo da shi ɗakinsa.

Na ga haka a wurin yayana. Bayan wani amininsa ya sami shanyewar ɓarin jiki, sai ya sayi irin wannan na'ura ya ajiye ta a gefen gado. Idan ya auna ya ga 148, sai ya sake aunawa nan take don ya tabbatar, ya ga 156, ya sake, ya ga 161, ya kira ni muryarsa tana rawa yana cewa jininsa hawa yake yi ba tsayawa. Lambobin gaskiya ne, amma abin da suke aunawa shi ne tashin hankalin da lambar farko ta jefa shi ciki. Ya kai ga yana tashi cikin dare ya auna, ya fasa tafiye-tafiyen da ya saba, ya daina fita tattaki don gudun kada jini ya hau, alhali tattakin nan yana cikin abubuwan da ke saukar da shi. Wannan shi ne abin da ya fi damuna game da na'urar: taka-tsantsan da ya kamata ya tsare mutum yana iya komawa ya tsuke masa rayuwa, kuma na'urar da ke ba da amsa a duk lokacin da aka tambaye ta tana sauƙaƙa hakan. Akwai kuma wani rukunin da ya saɓa da wannan, wato waɗanda aka saya musu ita suka jefa a durowa saboda gara kada su sani. Su ma tsoron ne, kamanninsa ne kawai ya bambanta.

A nan nake da ƙorafi a kan ƙirarta. Akwai wata alama mai launi da ke kunnuwa da zarar sakamako ya wuce iyaka, kuma tana yanke hukuncin ne a kan awo guda ɗaya tak. Jinin ɗan Adam kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya: yana hawa da safe, yana sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 a lokacin barci, yana motsawa da sanyi, da fushi, da ciwo, da cikar mara. Awo guda ba ya tabbatar da cuta, ba ya kuma kore ta. Alamar da ke haskawa kamar gargaɗin haɗari a kan lamba guda tana koya wa mai ita akasin abin da likita yake so ya koya. Haka ma matsakaicin da take lissafawa na awo uku ne na ƙarshe da aka yi cikin minti goma, alhali wanda ake yanke shawara da shi shi ne na mako. Da masu ƙera ta sun sa matsakaicin mako a gaba, lambar yau kuma a gefe, da sun taimaki masu fargaba ƙwarai. Alamar rikicewar bugun zuciya ita ma tana da amfani, domin irin wannan rikicewa tana yawaita da shekaru kuma tana iya haddasa shanyewar ɓarin jiki, sai dai motsi kaɗan ko bugu guda da ya yi tsalle yana iya kunna ta. Idan ta fito sau ɗaya ta ɓace, ba abin tayar da hankali ba ne. Idan tana yawan fitowa, a je a yi gwajin zuciya a asibiti, domin na'urar ba ta iya faɗin irin rikicewar.

Abin da ya daidaita yayana shi ne tsarin da likitansa ya gindaya masa, wanda kuma shi ne ƙungiyoyin likitocin zuciya suke bayarwa. Ana awo ne na kwana bakwai a jere, safe da yamma, sau biyu kowane zama, da tazarar minti ɗaya ko biyu. Na safe kafin shan magani da karin kumallo, bayan an yi fitsari. Kafin awo a guji kofi, sigari da motsa jiki na minti 30, a zauna shiru na minti biyar, baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa ba tare da harɗewa ba, hannu a kan tebur, maɗauri a kan fata ba a kan riga ba. A rubuta duk abin da ya fito, mai daɗi da marar daɗi, ba a zaɓi wanda ya fi kwantar da rai ba. A ƙarshe a jefar da sakamakon ranar farko, domin ita ce ranar da ɗari-ɗari ya fi yawa, a fitar da matsakaicin sauran. Idan ya kai 135 a sama ko 85 a ƙasa, wannan shi ne daidai da 140 da 90, iyakar hawan jini a awon asibiti, kuma lokacin ganin likita ya yi. A Amurka tun 2017 an sauko da iyakar zuwa 130 da 80, don haka ana iya cin karo da lambobi daban-daban a intanet, kuma likitan da ya san shekarun mutum da sauran cututtukansa shi ya fi dacewa ya sa masa tasa iyakar. Bayan makon nan sai a mayar da na'urar cikin jakarta har lokacin da aka tsara na gaba. Wannan mayarwar tana da muhimmanci kamar awon kansa, kuma ita ce ta fi wa mai fargaba wuya. Na ga bambancin da ta yi: takarda mai layuka a jere, yawancinsu kusa da juna, ta kwantar wa yayana da hankali fiye da duk lallashin da muka yi masa, domin a karon farko ya ga cewa lambar nan mai firgitarwa baƙuwa ce a cikin jerin.

Akwai wuraren da bai kamata a jira mako ba. Idan awo ya kai 180 a sama ko 120 a ƙasa, aka huta aka sake ya tsaya a nan, a nemi likita a ranar. Idan kuma akwai ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki, harɗewar magana, dishin gani ko mutuwar hannu ko ƙafa a ɓari ɗaya, asibiti za a nufa nan take, ko mene ne lambar ta nuna, kuma kada a ɓata lokaci ana neman batir ko ana sake awo. Ina jaddada wannan ne saboda na'urar tana iya ba da kwanciyar hankali na ƙarya a daidai lokacin da ake buƙatar gaggawa. Haka kuma ba a ƙara ƙwaya ko a rage ta saboda lambar yau. Ga waɗanda suka manyanta, saukar jini fiye da kima ma haɗari ce, domin tana kawo jiri da faɗuwa. Wanda yake ganin duhu idan ya miƙe tsaye yana iya aunawa a kwance ko a zaune, sannan ya sake bayan ya tashi. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10 cikin minti uku, wannan bayani ne da likita yake buƙatar ji, kuma samunsa yana cikin ayyukan na'urar da ba a cika ambata ba.

Duk da haka, tambayar da ke cin ran mai fargaba ba lambar jininsa ba ce. So yake ya san ko zai wayi gari lafiya, ko zai zama nauyi a kan 'ya'yansa, ko abin da ya sami abokinsa yana tafe gare shi. Na'urar ba ta da amsar wannan, kuma duk wanda ya nemi amsar a wurinta zai yi ta dannawa ba tare da ya ƙoshi ba. Abin da take iya bayarwa ya fi wannan ƙanƙanta, amma na gaske ne. Lokacin da shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu a 1945 sakamakon fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa, jininsa ya kai wajen 300 a sama da 190 a ƙasa. Likitocinsa sun san jininsa yana hawa tun shekaru kafin nan, amma ba su da ingantaccen maganin da za su ba shi. A yau akwai magunguna iri-iri, kuma nazarin da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2016 ya nuna cewa duk saukar 10 a lambar sama tana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 27 cikin 100. Saboda haka lambar da na'urar take nunawa tana cikin 'yan abubuwan da mai shekaru yake tsoro waɗanda kuma akwai abin yi a kansu. Amfaninta yana cika ne idan sakamakon ya isa hannun wanda zai daidaita magani, a kuma haɗa da rage gishiri, motsa jiki da barin sigari. Awon da ya tsaya a ɗaki bai saukar da jinin kowa ba.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ƙanana ne. Allon ba shi da haske, don haka awon asuba sai an kunna fitila. Alamomin gefe sun yi ƙanƙanta idan aka kwatanta da lambobin, takardar bayani kuma an buga ta da rubutun da masu buƙatarta ba sa iya karantawa sai da tabarau. Idan aka canza batir sai an sake saita kwanan wata, in ba haka ba ajiyar ta rikice. Matsewar maɗaurin tana da ɗan zafi ga mai siririn damtse ko fata mai laushi.

Ina ba da shawarar sayenta ga duk wanda aka ce yana da hawan jini, ko yake shan magani, ko awonsa na asibiti yake yawo tsakanin daidai da sama, da sharaɗin ya zaɓi ta damtse, domin ta wuyan hannu ta fi saurin kuskure idan hannu bai daidaita da zuciya ba. A kuma tabbatar cewa samfurin ya ci gwajin inganci mai zaman kansa, domin wani bincike da aka yi a Ostareliya a 2020 ya gano cewa ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na na'urorin damtse da ake sayarwa ta intanet a can ne aka tantance. Shafin intanet na STRIDE BP yana da jerin waɗanda aka tantance, har da rukunin da ya dace da masu juna biyu, waɗanda ba kowace na'ura ce take yi musu daidai ba. Wanda ya san cewa ba zai iya barin ta ta huta ba, gara ya damƙa ta a hannun wani na gida ya riƙa fito da ita a ranakun da aka tsara, a kuma juya allon ya kalli mai rubutawa. Idan kuma damuwar ta kai ga hana barci da fita, ita ma a faɗa wa likita, domin tana da magani kamar yadda hawan jinin yake da shi. Daga lokaci zuwa lokaci a tafi da na'urar asibiti a gwada ta da tasu a zama guda, a duba tiyo da maɗauri ko sun fara zubar da iska, a sauya maɗaurin idan mannensa ya saki.